Kurakuran Ɗalibin Fim da Ya Koma Haɗa Wasannin Kwamfuta

Ɗalibin da ya baro sashen fim ya koma kimiyyar kwamfuta yakan zo da guzuri mai amfani: ya san haske, ya san inda ake dasa kyamara, ya san yadda labari ke tafiya. Sai dai ya saba shi ke zaɓar abin da mai kallo zai gani, kuma daga wannan sabon ne yawancin kurakuransa ke tsirowa.

A fim darakta ne mai iko. A wasa kuwa linzami yana hannun mai bugawa. Za ka sha wahalar tsara yadda jarumi zai shigo ta ƙofa, haske na dukan fuskarsa, ka miƙa wa abokinka ya gwada, sai ya juya baya ya tafi lungu yana ta tsalle, ko kallon ƙofar bai yi ba. Sabon shiga yakan fusata ya ƙwace linzamin, ya cika wasan da gutsattsarin bidiyo da ba a iya taɓawa. Gyaran shi ne ka ja idon mutum ba tare da ka ɗaure masa hannu ba: haskaka ƙofar, dusashe sauran ɗakin, sa wata ƙara ta fito daga can. Idan ana gwada wasanka, yi shiru ka sa ido. Duk inda ka ji bakinka na ƙaiƙayin yin bayani, nan ne aikin bai nuna ba.

Wani kuskuren shi ne farawa da rubuta dogon labari, da birane da dangin jarumi har kakanni, alhali ba a taɓa sa ko akwati ya motsa a allo ba. Fara da akwatuna masu launin toka. In tsalle da gudu ba su yi daɗi da akwati ba, kyakkyawan zane ba zai cece su ba. Sake gina tsohon wasa mai sauƙi kamar Pong na 1972 ko Tetris, ka kai shi ƙarshe, har da allon maki. Masu kafa hujja da wasan Stardew Valley, wai mutum ɗaya ne ya yi shi, su tuna Eric Barone ya haura shekara 4 yana kansa kafin ya fito a 2016. Global Game Jam, taron haɗa wasanni da ake yi duk Janairu, ya fi dacewa da mai koyo: awa 48 kawai, dole ka rage buri.

Sai gudun lissafi, wanda a ganina ya fi kowanne tsada. Fim yana tafiya da firem 24, wato hotuna 24, a daƙiƙa, kuma a fim ɗin zane kwamfuta na iya shafe awanni tana haɗa firem guda, babu mai jira a gaban allo. Wasa mai firem 60 kuwa bai kai milisakan 17 yake da shi ba kan kowane firem. A ce kana da abubuwa 1,000 a fili, ka rubuta kod mai duba ko kowanne ya ci karo da kowanne: dubawa kusan 500,000 ke nan a firem ɗaya, wasan ya fara sarƙewa. Darasin tsarin ajiye bayanai da kake hamma a cikinsa shi ke koya maka raba filin gida-gida, a duba maƙwabta kaɗai. Haka lissafin bekta, wato lissafin alkibla da nisa: da shi ake gane ko mai gadi a cikin wasa yana fuskantarka ko ya ba ka baya.

Kada kuma ka yi ta yawo tsakanin injinan haɗa wasa. Kowanne da harshen rubuta kod ɗinsa: Unity da C# yake aiki, Unreal da C++ da Blueprints, Godot da GDScript. Zaɓi ɗaya ka zauna. Bidiyon koyarwa ma, in ka gama kwafa, rufe shi ka canza wata doka ta wasan da kanka, ka ga me zai karye.

Ɗabi'ar ɗakin tace fim ta ajiye fayil da suna "na ƙarshe", gobe "na ƙarshe na gaske", ba ta aiki da kod, balle in ku uku ne a aiki ɗaya. Koyi Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod, tun makon farko, ka riƙa ajiye aiki duk lokacin da wani abu ya fara tafiya daidai. Manyan fayilolin sauti da hoto kuma ka bi da su ta Git LFS, ƙarin Git da aka yi don manyan fayiloli, don kada ma'ajiyar ta kumbura.