Babi na Bakwai: Zaɓen Bawul da Sifirin Don Inji Mai Ƙarfin Gudu

A cikin kan injin mota akwai bawul iri biyu: na shigar da iska da mai, da na fitar da hayaƙi. Kamshaf, wato sanda mai tuddai da ke juyawa a cikin injin, shi ne ke danna su su buɗe, sifirin kuma ya mayar da su su rufe. A inji mai bugu huɗu, kamshaf yana juyawa sau ɗaya idan karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, ya juya sau biyu. Don haka idan inji ya kai juyi 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa guda. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi ba zai sayi waɗannan kaya da ka ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne sifirin ya dace da kamshaf ɗin da ke cikin injin. Sau da yawa a garejin nan na Sakkwato, mai mota yakan sa kamshaf mai ɗaga bawul sosai domin ya ƙara wa motarsa ƙarfi, amma ya bar tsofaffin sifirin don ya rage kashe kuɗi. Idan inji ya kai juyi mai yawa, sifirin mai rauni ba ya iya rufe bawul a kan lokaci, sai fistin ya hau ya same shi a buɗe. A injunan da fistin da bawul ke ratsa wuri ɗaya, nan take bawul ya lanƙwashe, wani lokaci ma har fistin ya fashe. Sifirin mai tauri fiye da kima shi ma yana da nasa lahani, domin yana cinye tuddan kamshaf da ke danna bawul kuma yana rage ƙarfin injin. Akwai kuma abin da masu gyara ke yawan mantawa: idan bawul ya buɗe iyakarsa, kada zobban sifirin su manne da juna, a bar musu rata ta kusan milimita 1.5.

Bawul ɗin hayaƙi ne ke shan wahala mafi yawa, domin zafinsa yakan wuce digiri 700 a ma'aunin Salshiyos. Saboda haka ake yin sa da ƙarfen da ba ya tsatsa, a injin mai tabo (turbo, na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji) kuma sukan yi amfani da wani gaurayen ƙarfe mai suna Inconel. Bawul ɗin titaniyom ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi da kusan kashi 40 cikin ɗari, amma yana da tsada kuma yana buƙatar mazauni na musamman, wato zoben da bawul ke zama a kai idan ya rufe. A ganina, motar da ke bin hanyar Gusau ko Illela ba ta da buƙatarsa. Ƙurar hunturu ta fi cin bututun da bawul ke zirya a ciki, don haka kuɗin ya fi amfani a kan bututu mai kyau, da sababbin robobin hana mai zuba, da matatar iska.

Idan za ka je wurin mai sayar da kayan gyara, ka ɗauki tsohon bawul da lambar injin, kamar 2JZ-GTE na Toyota, domin sunan mota kaɗai ba ya isa. Ka ce masa, "Alhaji, a auna mini kaurin sandar da tsawonta," kuma ka tsaya a auna a gabanka. Sifirin na Beljiyam kan yi kyau a ido alhali ya gaji, don haka ka sayi sabo, saiti guda tare da faifansa da makullansa masu riƙe shi a kan sandar bawul.

Bayan an ɗaura, a daidaita ratar bawul da fila geji, wato siraran ƙarafan auna rata, bisa adadin da kamfanin ya rubuta, sannan a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku. Idan an ji ya cije a wani wuri, kada a tayar da shi sai an buɗe an duba.