Yadda za a adana insulin a zafin Sudan, ko da firji ko babu

Insulin, maganin allurar masu ciwon suga, abu biyu ke kashe shi, zafi da ƙanƙara, kuma sau da yawa ba ya nuna alama a ido. Sai dai mutum ya ga yana ta allura kamar kullum, suga kuma ya ƙi sauka.

Kwalba ko alƙalamin insulin (abin allura mai kama da biro) da ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma zai kai ranar da aka rubuta a jikin kwalinsa. A sa shi a tsakiyar firji cikin kwalinsa, nesa da gidan ƙanƙara da bangon baya. Nan ne ake yawan yin asara. Wuta ta ɗauke, ta dawo cikin dare, wani ya murɗa sanyi zuwa ƙarshe don ruwan sha ya yi saurin sanyi, da safe insulin ɗin da ya jingina da bango ya daskare. Wanda ya taɓa daskarewa ya mutu, ko ya narke kada a yi amfani da shi. Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4, don haka a hana yara yawan buɗewa.

Wanda aka fara amfani da shi bai buƙatar firji, muddin wurin bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. Yawanci kwana 28 ne wa'adinsa, kamar Lantus da NovoRapid. Tresiba yana kai mako 8. Takardar cikin kwali ita ce alƙali. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar da biro. Ga lissafin da mutane ke mantawa: kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da yunit 1000. Mai yin yunit 20 a rana sai ya kwana 50 kafin ya ƙare ta, wato wa'adi zai riga shi. Irin wannan mutum alƙalami mai yunit 300 ya fi dacewa da shi, tunda cikin kwana 15 ya gama.

To, a Afrilu da Mayu, lokacin da Khartum da Kasala ke haura digiri 40, wane ɗaki ne ke ƙasa da 30? A nan zir ke shigowa, wato randar ƙasa da ke kowane gida. A samo tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, ƙarama da babba. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharkaf. Insulin a sa shi cikin roba mai murfi, a ajiye a ƙaramar tukunya, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. A ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, ƙarƙashin rakuba (rumfa) ko bakin taga, a ɗan ɗaga ta daga ƙasa. A ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, shi ke tafiya da zafin, saboda haka in yashi ya bushe aiki ya tsaya. Da damina a Gadarif ko Sinnar, da iska ta yi laima, sanyin yana raguwa. Kada a tsoma kwalbar tsirara cikin ruwan randa: takardar jikinta za ta ɓare, ƙazanta kuma ta taru a bakin robar da allura ke hudawa.

Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021 ya nuna insulin da ke cikin zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 ya riƙe ƙarfinsa mako 4. Wannan abin kwantar da hankali ne ga wanda yaƙi ya raba da gidansa. Bai shafi kwalbar da aka bari a mota ko a rana ba.

A tafiya, a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma cikin jakar hannu, ba cikin kayan da ake ɗaurewa a saman bas ba. In da kula mai ƙanƙara, a sa tawul tsakani.

Kafin kowace allura a ɗaga shi a haske. Actrapid da Lantus garau suke kamar ruwa. In sun daina zama garau ko launi ya sauya, a jefar. Mixtard da Insulatard dama farare ne kamar madara: a murza tsakanin tafin hannu sau 10, kada a girgiza da ƙarfi. In ya yi gudaji ko farin ya manne a jikin gilashi, ya lalace. A cire tsinken alƙalami bayan kowace allura, don ta nan iska ke shiga, magani ya ɗiga.

Idan suga ya yi ta hawa kwana biyu ba dalili, a buɗe sabuwar kwalba a gwada. In babu wata, a ci gaba da wadda ke hannu har a samu, musamman ga yara masu ciwon suga nau'i na ɗaya; barin allura ya fi haɗari nesa. Amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani da numfashi sama-sama, asibiti ne nan take.