Yadda na gwada sunan /dev/cciss/c0d0 ba tare da na'urar a hannu ba

Manhajar da na rubuta ta raba faifai a Linux tana liƙa 1 a ƙarshen sunan faifai kawai don samun sunan ɓangarensa na farko: sda ya koma sda1. Sai wani mai tsohuwar sabar HP Smart Array ya kawo kuka, don a wurinsa sunan faifan /dev/cciss/c0d0 ne, ɓangaren farko kuma c0d0p1, da harafin p a tsakani. Ni kuwa ba ni da irin wannan sabar.

Na fara da symlink (suna mai nuni zuwa wani fayil), manhajar ta bi shi ta koma loop0, wato na'urar da ke nuna fayil kamar faifai. Na duba QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, babu cciss (wato Smart Array) a cikin na'urorin da take kwaikwayo.

Abin da ya yi aiki mknod ne, umarnin da ke ƙirƙirar fayil ɗin na'ura. Na ƙirƙiri fayil da truncate -s 2G gwaji.img, na yanka masa ɓangare ɗaya da fdisk, sannan losetup -fP --show gwaji.img don ya bayyana kamar faifai. Da na buga lsblk sai ya nuna lambobin na'ura: 7:0 na faifan, 259:3 na ɓangaren. Ka duba naka lambobin, ba lallai su zo ɗaya da nawa ba. Daga nan mkdir /dev/cciss, sai mknod /dev/cciss/c0d0 b 7 0, da mknod /dev/cciss/c0d0p1 b 259 3.

Nan take kuskuren ya fito fili. Na gyara ƙa'idar: sunan da ya ƙare da lamba, a sa p. Alhamdulillahi, har sunayen faifai irin su nvme0n1 da mmcblk0 suka daidaita.