Kurakuran da aka fi yi wajen kai aikin lafiya cikin al'umma da yadda za a gyara su

Wannan rubutun na 'yan uwa ne masu aikin lafiya a matakin farko, malaman asibitin sha-ka-tafi, ungozomomi, 'yan sa-kai masu bi gida-gida, 'yan kwamitin gunduma da ƙungiyoyin matasa masu shirya gangami a unguwa. Aiki kam ana yi wallahi, wasu ma da kuɗin aljihunsu suke zuba mai a mashin, amma akwai kurakuran da ake ta maimaitawa shekara da shekaru, kuma yawancinsu gyaransu ba ya buƙatar ko sisi daga Abuja, abin da yake buƙata shi ne a tambayi mutane kafin a yanke musu, sannan a duba waye bai zo ba.

Babbansu shi ne mutane ba sa ganinmu sai lokacin kamfen ɗin rigakafi. Wata uku huɗu babu wanda ya leƙo, rijiya ta lalace, yara na ta gudawa, zazzaɓi ya kwantar da rabin gida, sai rana ɗaya a ga mata da akwatin sanyi da alli suna sallama. Dole maigida ya yi tambayar nan da kowa ya sani, me yasa ɗigon shan inna ne kaɗai kyauta har ƙofar gida amma maganin zazzaɓi sai na saya? Tambaya ce mai ma'ana, kuma kuskure na biyu yana nan manne da ita, wato a ɗauki mai tambayar a matsayin jahili ko mai taurin kai. Mutanen nan fa ba daga sama tsoron ya faɗo musu ba. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, yara sun mutu a cikin waɗanda aka yi gwajin da su, an yi ta shari'a har sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar. Da wannan a zuciyar mutane aka shiga 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a dawo da shi ba sai tsakiyar 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu har ta tsallaka wasu ƙasashe. Abin da ya juya lamarin ba faɗa ba ne ko barazana, zama aka yi da malamai da sarakuna, a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko da goyon bayan Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga da kansu, wasu suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, har aka kai Agustan 2020 da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna. To in mutum ya ce ba za a taɓa masa yaro ba, kar a tsaya ana musu a zaure. A tambaye shi dalili, a rubuta, a dawo da wanda yake jin maganarsa, limaminsa ko yayansa, kuma a riƙa leƙo unguwar ranar da babu kamfen ko da gaisuwa ce da duba mai jego.

Sai kuma ɓoye wa uwa abin da zai biyo bayan allura saboda tsoron kar ta fasa. Allurar da ake yi a cinya a sati 6 da 10 da 14 tana iya sa zazzaɓi da ɗan kumburi na kwana ɗaya ko biyu, in ba a gaya mata ba yaro ya kwana yana kuka, gobe uwar miji ta ce ai ga irinta nan, shikenan an rasa ta biyu da ta uku. Ita ce kuwa take kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa, kuma duk mun ga abin da mashaƙo ya yi a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, mafi yawan waɗanda ya kama ba su kammala rigakafi ba. A gaya mata tun allurar ba ta shiga ba, a faɗa mata abin da zata yi a gida da alamar da in ta gani ta dawo da shi asibiti.

Wani abin da yake cin rai shi ne tara mata zalla a yi musu lacca kan awo da haihuwa a asibiti, su tafi gida, alhali ba su ne da izinin fita ba kuma ba su ne da kuɗin mota ba. Matar ta fahimta sarai, amma ƙarfe biyun dare jini ya ɓalle mata, maigida yana cewa a bari gari ya waye, uwar miji tana cewa mu a ɗaki muka haifi goma. Balle in ɗan fari ne, yarinyar tana kunya ta ma faɗi cewa naƙuda ta taso. A Damagaram an gane wannan tun wajen 2007 aka fara makarantar mazaje, magidanta masu mutunci a gari su zauna su tattauna lafiyar iyali su kuma yi wa 'yan uwansu maza magana, daga baya abin ya bazu zuwa wasu jihohin Nijar. Ba sai an jira wata ƙungiya ta kawo ba, majalisar bayan la'asar tana nan, teburin mai shayi yana nan, ga masallaci. Abin da ya kamata kowane miji ya haddace ba shi da yawa, zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu, zazzaɓi mai zafi, naƙudar da ta wuce yini ko dare guda ba a haihu ba. Sannan ya san tun cikin yana wata bakwai wane direba zai kira, wasu garuruwan akwai tsarin da direbobin tasha suke ɗaukar mai naƙuda cikin gaggawa, a karɓi lambarsu a manna a bangon asibiti, kuma ya bar izini a gida cewa ko baya nan a tafi da ita. Ita ma uwar miji a je mata da girmamawa, a ce Inna ke muke so ki rako ta, ba a zagaye ta ba.

Lokaci da harshe ma ana wasa da su. A sa taro ranar kasuwa, ko da hantsi a tsakiyar damina kowa yana gona, sannan a rubuta a rahoto wai al'umma basu ba da haɗin kai ba. Fosta kuma a buga da Turanci, ko Hausar boko mai tsawo, a manna a ƙauyen da mutane da yawa ajami suke karantawa, a rugar da Fulatanci ake ji. Saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp da muryar wanda aka sani a garin, ko sanarwar mai shela, ya fi fosta ɗari. Ku duba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 duk wata a damina, na kwana uku ne, na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, sauran biyun uwa ce zata bayar. In an miƙa mata katin maganin an wuce da sauri, wata zata ajiye sai yaro ya yi zazzaɓi, wata ta raba wa yayyensa. Minti biyu ne, a ce mata Maman wane maimaita min yadda zaki ba shi gobe da jibi.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya, mutanen da kullum ake mantawa da su. Je ka duba asibitin unguwarku da idon mai keken guragu. Matakala uku a ƙofa, ko an yi gangara amma ta miƙe tsaye yadda ko mai turawa sai ya yi nishi, ƙofar banɗaki ƙarama, gadon awo mai tsawo da mace mai ciki da ƙafafunta basa aiki ba zata iya hawa ba sai an ɗaga ta a gaban mutane. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman an sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, wa'adin ya wuce. Gangara ta buhun siminti ƙalilan ce, kwamiti zai iya yi da gudummawar unguwa, amma a kira mai keken ya gwada kafin simintin ya bushe. Kuma ginin ma shi ne mai sauƙin, hali ya fi wuya. Makauniya ta zo awo ma'aikaciya ta ce ke ma da wannan halin har da ciki, wannan maganar kaɗai ta isa ta hana ta dawowa har ta haihu. Kurma ya zo a juya ana yi wa ɗan rakiyarsa magana kamar shi baya wurin, wani lokacin ma ɗansa ƙarami ne yake fassara masa ciwon da bai kamata yaro ya ji ba. A fuskanci mara lafiyar, a cire takunkumi in ba dole ba don ya ga baki, a rubuta ko a zana, a nemi ƙungiyar kurame ta garin su koya wa ma'aikata alamomin da aka fi buƙata, ina ke ciwo, tun yaushe, sau nawa za a sha. Makaho kuma a sa masa maganin a hannu ya shafa, a bambanta masa na safe da na dare da ƙulli ko roba. Sannan kiran suna a layi, in da baki kawai ake kira to kurma zai wuni a benci.

Haka makiyaya, asibiti yana nan a kafe su kuma suna tafiya, in ba a zauna da arɗo an san lokacin saukarsu da tashinsu ba, ba za a taɓa samun yaransu ba, ranar kasuwar shanu da wurin da mata suke sayar da nono nan ne mahaɗa. Almajirai kuwa babu uwar da zata kawo su, sai an je tsangaya an gaisa da alaramma an tsara da shi, ƙazuwa da tsutsar ciki da zazzaɓi suna cinsu shiru. Duk kwamitin da babu mace, babu mai buƙata ta musamman, babu mutumin ruga a cikinsa, to ba zai ma san an bar su a baya ba.

Sai tsawa. Uwa ta makara da wata biyu ko ta ɓatar da kati, a wanke ta tas a gaban mata. Yaron da ya makara ba a sake masa rigakafi daga farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa, kuma ɗan mura ko tari ba ya hana allura. A duba rajista a ba ta sabon kati a ce mata sannu da ƙoƙari. Haka mayar da mace gida wai yara basu kai a buɗe kwalbar allurar ƙyanda ba, matar da ta biya kuɗin mashin zuwa da dawowa, ragowar kwalbar da za a zubar bai kai darajar yaron da ba za a sake gani ba. In akwai ranar da aka ware to kowa ya san ta kuma kar a saɓa.

Maganar kuɗi a fito da ita fili. Rigakafin yara kyauta ne, a rubuta a bango da manyan haruffa abin da yake kyauta da abin da ake biya da farashinsa. Asibitocin da suke cikin asusun lafiya matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa suna samun kuɗin gudanarwa, 'yan kwamiti su tambaya nawa ya shigo, me aka saya, a karanta a taro. Wannan yana kare ma'aikaci mai gaskiya daga zargi.

Akwai kuma wanda ba a son faɗa, shafa wa yaro alama a yatsa ba a ɗiga masa komai ba, ko zama ƙarƙashin bishiya a cike fom. Wani lokacin iyaye ne suke roƙo, wani lokacin gajiya ce da alawus ɗin da ya yi watanni bai fito ba, da shugaban da ba ya son jin komai sai ɗari bisa ɗari. Amma wannan lambar ta ƙarya ita za a duba a ce unguwar ta gama, ba za a sake turo kowa ba. Masu sa ido su daina hukunta wanda ya kawo rahoton gida goma sun ƙi, shi ne ya yi aiki, a karɓi sunayen gidajen a kai wa mai unguwa a sa ranar komawa, sannan a biya 'yan sa-kai haƙƙinsu a kan lokaci, mafi yawansu mata ne masu 'ya'ya da suke barin sana'arsu su yini a rana.