Yadda Ake Shiga Jirgin Sama da Jariri Daga Garwa ko Marwa

Uwar da za ta tashi daga Garwa, a arewacin Kamaru, zuwa Yawunde da ɗa a hannu, ko dai ta bi mota zuwa Ngaundere ta kwana cikin jirgin ƙasa, ko kuma ta shiga jirgin sama ta sauka kafin awa biyu. Ga mai goyon da Allah ya hore wa, jirgin sama ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, matuƙar an fara shiri tun ranar yankan tikiti.

Yaron da bai cika shekara 2 ba, a cinyar uwarsa yake zama, amma dole ne a shigar da sunansa da ranar haihuwarsa, kuma a tafiyar ƙetare yawanci ana biya masa kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba. Kamfanoni da dama ba sa ɗaukar jaririn da bai kai kwana 7 ba, ko da yake a wajenmu da wuya mai jego ta fita kafin ta yi arba'in. Idan bakwaini ne, ko yana fama da mura mai nauyi ko ciwon kunne, a fara kai shi wurin likita. A tafiyar cikin ƙasa takardar haihuwa ta wadatar. Idan za a ƙetare iyaka, misali zuwa Jidda don Umra, yaro yana buƙatar fasfonsa na kansa, wanda ya kai wata 9 a riƙe masa katin rigakafin shawara, kuma uwar da ke tafiya ita kaɗai ta ɗauki takardar izinin uba mai hatimin hukuma, domin jami'an shige da fice sukan tambaya.

Abin da ya fi wahalar da jariri a sama shi ne kunne. Iskar cikin jirgi takan yi daidai da ta kan dutse mai tsawon kusan mita 2,000, don haka lokacin tashi, musamman ma lokacin sauka, kunne yakan toshe ya yi zafi. Babba yana haɗiyar miyau ko ya yi hamma ya samu sauƙi, shi kuwa jariri bai san wannan dabara ba, sai kuka. Maganinsa tsotso. Kuskuren da na fi gani shi ne uwa ta ba shi nono tun a zauren jira don ya yi shiru, har ya ƙoshi ya yi barci, sai jirgi ya ɗaga ya ƙi kama mama. Gara a ɗan lallashe shi, a jira har jirgi ya fara gudu a kan titinsa. Wajen sauka kuwa kada a jira a hango rufin gidaje, domin jirgi yana fara gangarowa kusan minti 30 kafin ya taɓa ƙasa. Da zarar uwa ta ji nata kunnen ya soma toshewa, lokacin shayarwa ya yi. Babban mayafi ko hijabi ya isa sutura, kujerar taga kuma ta fi sirri. Kada a ba yaro maganin mura mai sa barci don ya yi shiru, sai in likita ne ya rubuta.

Wanda ya baro zafin Garwa na watan Afrilu, inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40, zai iske cikin jirgi da sanyi kamar asubahin hunturu. A sa wa yaro riga mara nauyi, a ajiye hula da safa da tawul a jakar hannu, tare da kunzugun da ya fi lissafin tafiyar yawa saboda jirgi yakan yi jinkiri, da kayan sauyi biyu, da riga ɗaya ta uwar, don tumbuɗi ba ya sallama. Dokar hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 ba ta hau kan madarar jariri ba, sai dai a fito da ita a nuna wa masu bincike.

Zanen goyo yana da amfani ƙwarai a filin jirgi, tunda yana bar wa uwa hannu biyu don jaka da takardu, amma ana iya cewa ta kwance a wurin bincike, kuma ba a zama a kujera da yaro a baya. Ma'aikatan jirgi sukan ba da ƙaramar ɗamara da ake haɗawa da ta uwa, ba sa kuma zaunar da mai jariri a layin ƙofar gaggawa. Idan abin shaƙar iska ya sauko, uwa ta fara sa nata kafin na ɗanta, domin idan ta suma babu mai riƙe shi. Bayan an sauka, ta bar masu hanzari su wuce, ta gyara goyonta a tsanake, ta leƙa ƙarƙashin kujera, inda safar jariri ta saba faɗuwa.