Ga mai shigowa Maraɗi da tsohuwar jif: in gilashin baya ya ƙi motsi

Mutanenmu da ke tasowa daga Katsina, Kano, Daura ko Zamfara su zauna Maraɗi, da yawansu da motarsu suke shigowa, kuma ba sabuwa ba. Masu harkar hatsi da masu zirga-zirgar ƙauyuka sun fi son tsohuwar Toyota 4Runner, ko 'yar'uwarta Hilux Surf, don tana jure yashi kuma tana ɗaukar kaya. Motocin nan suna da wani abu da yawancin motoci ba su da shi: gilashin ƙofar baya da wuta yake aiki, yana sauka ya shige cikin ƙofar. Ranar da yake aiki, daɗi. Ranar da ya tsaya, kana baƙo a garin da ba ka san garejin kowa ba, sai ka ji kamar ka ba duk wanda ya fara zuwa ya yi yadda ya ga dama. Kada ka yi haka. Yawancin abin da ke tsayar da gilashin nan ƙaramin abu ne, kuma moto, wato ɗan injin wutar da ke ɗaga gilashin, wanda shi za a fara ce maka ka saya, shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a zargi.

Fara da sanin wace iri ce taka. Samfurin 1984 zuwa 1989 da na 1990 zuwa 1995, ƙofarsu ta baya ƙasa take faɗowa irin ta a-kori-kura, kuma ba ta buɗuwa sai gilashi ya sauka, domin hannun buɗewar a ciki yake. Daga samfurin 1996 ne aka mayar da ƙofar tana ɗagawa sama, gilashi ya sauka ko bai sauka ba. Mai irin ta farko shi ne abin ya fi shafa. Ka zo daga Jibiya, ka iso Ɗan Isa, jami'in duwan (kwastan) ya zagayo bayan mota ya ce a buɗe, ka murɗa makulli shiru. Ba ya da lokacin jin bayanin wayoyi. Abin da zai biyo baya shi ne ka kwantar da kujeru ka riƙa jawo buhu da akwati ta ƙofar gefe, a cikin rana, motoci na bin layi a bayanka. Saboda haka tun kafin ka taso ka gwada gilashin sama da ƙasa, kuma takardun mota da jak da sifana kada su zauna can ƙurya a baya.

Hanya biyu ake sarrafa gilashin: makunnin da ke kusa da direba, da ramin makulli da ke jikin ƙofar ta waje. Gwada duka biyun. In ɗaya ya yi aiki ɗaya bai yi ba, ka huta: moto lafiya lau, matsalar tana ga makunnin da ya ƙi ko wayarsa. Makunnin ciki ƙura ce da shayin da ya zube ke kashe shi. A buɗe shi a goge ƙarafan da ke haɗuwa, sau da yawa ya dawo.

In duka biyun sun yi shiru, akwai wasu masu gadi da kamfani ya sa da gangan, kuma baƙon da bai san motar ba sai ya ɗauka lalacewa ce. Akwai maɓallin kulle gilashi, wanda yara ke dannawa ba ka sani ba. Akwai waifar baya: muddin ba ta koma mazauninta ta kwanta daidai ba, gilashi ba zai motsa ba, don kada ya karya ta. A nan garin wannan yana yawan faruwa, saboda waifar baya takan yi wata da watanni ba a taɓa ta ba, ƙurar hunturu ta cika mata wuya, ranar da aka kunna ta sai ta tafi rabin hanya ta tsaya. Kunna ta ka kashe, ka taimaka mata da hannu a hankali har ta zauna, sannan ka sake gwada gilashin. Na uku shi ne ita ƙofar kanta. In ba ta rufu ta kama sosai ba, musamman a tsofaffin da ƙofarsu ke faɗowa, gilashi ba zai hau ba. Hanyoyin ƙauye masu gargada suna sassauta makamar ƙofar. Duba ko fitilar ƙofa tana ci a gaban direba, ka tura ƙofar da ƙarfi daga waje wani yana riƙe da makunni.

Bayan wannan sai fiyus da batir. Tayar da injin ka gwada, domin batirin da ya gaji yana iya kunna rediyo amma ya kasa ɗaga gilashi mai nauyi. Cikakken batir, mota a kashe, yana nuna kusan 12.6 a mita. Injin na aiki ya kai wajen 14. In fiyus ne ya ƙone, a sa mai lamba ɗaya da shi. Za ka tarar da yaron gareji da zai ce bari ya naɗa silin waya a wurin, a wuce wurin. Ka ce a'a. Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai, kuma wayar da aka naɗa ba za ta yanke ba in wuta ta haɗu; abin da zai narke shi ne wayoyin da ke bin ƙarƙashin kafet.

Yanzu sai aikin kunne. Kashe rediyo, ka sa wani ya danna makunni, kai kuma ka shiga baya ka saurara. In ka ji ƙas-ƙas daga bangon baya na gefen hagu, rile ne ke amsawa, wato ɗan makunnin da ke sakar wa moto wuta. A tsofaffin samfurin can akwatinsa yake, bayan murfin bangon. Wato umarni yana isa, wuta ce ba ta kai ga moto ba, ko ta kai ya kasa juyawa. Ga yadda za ka raba su: kunna fitilar rufin mota ka zuba mata ido lokacin da ake dannawa. In ta ɗan dushe, wuta tana shiga moto, yana ja, wani abu ne ya riƙe shi. In ba ta ko girgiza ba, wutar ta tsaya a hanya. In kuwa kana jin moto na kuka yana juyawa amma gilashi yana nan inda yake, to haƙoran giya sun cinye, ko gilashin ya fita daga ƙarfen da ke riƙe da shi.

Inda wuta ta fi tsayawa, a ganina, wuri ɗaya ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Wayoyin da ke shiga ƙofar baya suna bi ta cikin wata roba mai lanƙwasa kusa da hinjin ƙofar. Duk buɗewa da rufewa suna lanƙwashewa, shekara ashirin ko talatin, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu yana busar da bawonsu. Jan ƙarfen da ke ciki yakan tsinke alhali bawon na waje yana nan kamar ba abin da ya same shi. Zame robar baya, ka kama wayoyin ɗaya bayan ɗaya ka ɗan ja da yatsu biyu. Lafiyayya ba ta miƙewa. Wadda ta tsinke a ciki za ka ji ta yi laushi a wuri ɗaya, tana miƙewa, wani lokaci ta rabu a hannunka. Alamar da ke nuna nan ne tun kafin a buɗe ita ce gilashin da ke aiki yau ya ƙi gobe, ko wanda ke motsi in ƙofa tana wani matsayi, ko kuma fitilar lamba da waifa su ma sun fara wasa. Gyaran ba tsada, amma a yi shi da kyau: a yanke wurin, a ƙara sabuwar waya mai laushi mai kauri ɗaya da ta da, a yi mata dalma, kuma mahaɗin ya faɗa cikin ƙofa ko cikin jikin mota, kada ya tsaya daidai inda ake lanƙwasawa. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya kai damina. A duba wayar at ma, wadda aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe; in tsatsa ta ci wurin a kankare.

Sai an wuce duk wannan ake zuwa ga moto. In ƙofa ta ƙi buɗuwa, daga ciki za a kwance murfinta, mutum yana durƙushe a but. A zare fulogin moto, a jawo waya biyu daga batir, da fiyus a kan ɗaya, a taɓa. Gilashi zai tafi gefe guda. A juya wayoyin, ya tafi ɗaya gefen. In ya motsa, moto ba shi da laifi, kuma ka samu hanyar buɗe ƙofarka ko rufe gilashinka a ranar. In bai motsa ba, a ɗan bubbuga jikin moton da gindin sukundireba ana ba shi wuta. Wanda gawayinsa ya cinye, wato 'yan guntayen da ke kai wuta ga abin da ke juyawa a ciki, yakan farka na ɗan lokaci. Masu rewaya na garin nan sun iya buɗe moto su canja gawayi su wanke tsohon giris da ya daskare, kuma sau da yawa moton asali da aka gyara ya fi sabon da ba ka san inda aka ƙera shi ba.

Abu biyu nake so ka tsaya a kansu da kanka. Na farko, hannu ba ya shiga cikin ƙofar nan batir na haɗe, kuma ba a kwance moto daga ƙarafan da ke ɗaga gilashi sai an tokare gilashin an kuma daure ƙarafan, domin a motoci da yawa akwai sifirin mai ƙarfi a wurin, in ya kuɓuce yatsa yake tafiya da shi. Yaran gareji ƙanana ne ake turawa cikin but saboda sun fi shiga lungu, to kai ka faɗa. Na biyu, kada kowa ya sa ƙarfe ya ɓanɓare gilashin ko ya danna shi da ƙarfi. Irin gilashin nan ba ya tsagewa, rugujewa yake yi gaba ɗaya ya zama tsakuwa, kuma ba a yanka madadinsa a shagon mai gilashi. Sai an samo na wata motar da aka farke, kuma kana iya jira har a aiko maka daga Ƙofar Ruwa a Kano.

In fitila ta dushe, moto kuma lafiya, datti ne. Yashi yana taruwa a hanyoyin da gilashi ke bi, robar bakin gilashi ta tsattsage da rana, ruwan damina ya shiga ya haɗu da ƙura ya zama laka a gindin ƙofar. A wanke hanyoyin, a fesa musu man silikon. Baƙin mai da giris ba na roba ba ne, suna kumbura ta kuma suna kama ƙura; giris na giya ne da ƙarafa kawai. A ƙasan ƙofar akwai ƙananan ramukan fitar ruwa, a zura waya a buɗe su kafin watan Yuni.

Saura wa za ka kai wa. Wannan aikin mai wuta ne, ba na bakaniken inji ba, ba kuma na fanelbita ba. Kada ka tsaya garejin farko da ka gani a bakin titi. Tambayi mai masaukinka, ko direbobin tasha, ko maƙwabcin da kuke sallah tare, kuma in da hali ya raka ka da ƙafarsa. Maraɗi gari ne na sanayya. Wanda aka kawo shi ta hannun wani, ana jin nauyin wanda ya kawo shi. In kun isa, maigidan garejin ake fara gaidawa, a yi ina kwana da ina aiki da ya iyali, in an miƙo shayi ka karɓa. Sannan ka faɗi abin da ka riga ka gani: “Malam, makunni biyun duk shiru, amma ina jin rile yana amsawa, fitila kuma ba ta dushewa. Don Allah a fara duba mini wayoyin hinji.” Mai sana'ar kirki zai ji daɗin wannan, ka rage masa aiki. Wanda ya ce moto ne tun bai ɗauko mita ko fitilar gwaji ba, yi masa godiya ka ce za ka dawo.

Ko da yake Hausa ɗaya muke yi, sunayen kayan mota a nan da yawa daga Faransanci suka fito, don haka in magana ta sarƙe ka nuna da yatsa, ko ka tafi da tsohon kayan a hannu wurin mai sayarwa. Lissafin kuɗi kuwa ka koye shi tun makon farko. Da dala ake ƙirgen sefa, dala ɗaya faran 5 ke nan, jika kuma faran 1000. In aka ce maka ɗari, ana nufin faran 500. Ana karɓar naira a wurare da yawa, amma ku daidaita tun farko da wane kuɗi ake magana, kuma a raba kuɗin aiki da kuɗin kaya. Duk abin da aka cire, ka ce a ba ka tsohon.

In gilashin ya tsaya a ƙasa kuma kayan gyara ba su iso ba, a kwance shi daga ƙarafan a ɗaga shi da hannu, a tokare shi daga cikin ƙofar da katako biyu da aka naɗe bakinsu da tsumma, a zare fulogin moto don kada wani ya danna makunni. Ya fi leda da salatif, wadda iskar hadari ɗaya ke yagewa, kuma yana hana hayaƙin salansa dawowa cikin mota a kan yaran da ke kujerar baya. Ranar da aka gama gyara, kafin a mayar da murfi kuma kafin ka biya, a sauke gilashin a hau da shi sau uku ko huɗu daga makunni, a sake daga makulli, a kunna waifa a kashe, a buɗe ƙofa a rufe, sannan a sake gwadawa.