Yadda ake gwada ma'anar siffa a lissafi

Ɗalibanmu na Agege da Idi-Araba masu shirin WAEC, ga yadda za ku gane ko ma'anar da aka ba wata siffa ta cika.

Da farko, ku mayar da ita jimla mai "idan" da "to". Misali: idan siffa murabba'i ce, to tana da kusurwa huɗu, kowacce digiri 90. Wannan gaskiya ne.

Sai ku juya ta, ƙarshen ya dawo farko: idan siffa tana da kusurwa huɗu masu digiri 90, to murabba'i ce. Ku dakata a nan, don a nan aka fi zamewa. Ku nemo abu guda da zai ƙaryata zancen. Ku dubi ƙofar ajinku: kusurwoyinta huɗu duk digiri 90 ne, amma tsayinta ya fi faɗinta. Misali ɗaya tak ya isa ya rushe jimlar.

To sai gyara. Ku ƙara sharaɗin cewa gefunan huɗu tsawonsu ɗaya, ku sake gwadawa gaba da baya.

In duka biyun sun tabbata, ku haɗe su da "idan, kuma sai idan", ku rubuta p ⇔ q, inda p ke nufin ɓangaren "idan", q kuma ɓangaren "to".